Injin yanka citta

Litinin, 11 Nuwamba 2024
Na gano matsalar na'urar da muke haɗawa ni da Roseline, abokiyar aikina na kammala karatu. Da ma ban gano ba.

Maganaɗisu muka manna a jikin wilin injin. Duk zagaye ɗaya yakan ankarar da maikurokantirola, ƙwaƙwalwar na'urar, ita kuma ta riƙe lambar da taima, agogon cikinta, ya kai. Tazarar lamba biyu ita ce tsawon zagayen. In injin ya shaƙe, zagaye ya yi tsawo, sai na'ura ta kashe moto kafin wata ta sa hannu ciro cittar. Amma taima in ya cika komawa sifili yake, kamar carbin da aka zagaye ba a lura ba. Injin na nishi, ita tana ganin gudu yake.

Talata, 12 Nuwamba
Na faɗa wa Roseline. Ta ce, "Mama Zahra, abeg. Busasshen citta za mu sa ranan difens, ba zai shaƙe ba." In muka faɗi ranar kare aikin sai baɗi, kuma an yi mata alkawarin aiki a Kaduna. A haife sa'ar 'yar cikina ce. Tun ajin farko take ɗaukar mini jaka.

Laraba, 13 Nuwamba
Injiniya Henry, mai duba aikinmu, ya ce daga difens matan ƙungiya na Madakiya za a kai wa injin. Su ɗanya suke yankawa.

Alhamis, 14 Nuwamba
Na gwada ƙirga cikar taima. Lamba sai tsalle. Na yi rafkanuwa a La'asar. Tun Litinin ban ci abincin kirki ba.

Asabar, 16 Nuwamba
In na yi shiru, yatsun wata. In na yi magana, shekarar yarinya. Ko Malam, maigidana, ban iya faɗa wa ba, ya riga ya gaya wa dangi na gama.

Litinin, 18 Nuwamba
Difens. Busasshiya ta wuce sumul, har da tafi. Baƙon malamin da ya zo tantance mu ya ce ko akwai ƙari. Na ce a sa ɗanya. Sai da ya ce in ɗaga murya.

Injin ya shaƙe, moto bai mutu ba. Roseline ce ta zare wayar wuta.

Laraba, 20 Nuwamba
Ba a ce baɗi ba, ba a ce mun ci ba. A gyara a dawo, in ji su. Roseline ta zo lab, ba gaisuwa, ta ja kujera ta ce, "Nuna mini inda yana komawa ziro." Na buɗe baki in ba ta haƙuri, sai na ji ina cewa ta miƙo waya ja.

Abincin rana kuwa na cinye tas.