Ƙamshin Katako

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan farko bayan dogon rani, mijina, Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka. A bakin ƙanwarka na ji, ba a bakinka ba, wai ka karɓi aikin rufin gini a wani gari mai nisa, wai ranar Asabar za ka tafi, wai shekara guda. Shekara! Haba Baban 'yan biyu, wannan maganar ce zan tsinta a bakin wani? Daga ɗakina zuwa shagonka bai fi taku ɗari biyu ba, ga shi sai da takarda nake iya isa gare ka.

Na san abin da ya kore ka, ni ce. Ranar da likita ya ce ciwon dajin ya kwanta, ka shigo da murna, ka buɗe hannu za ka rungume ni, ni kuwa na ture ka na ruga banɗaki ina kwara amai. Washegari ma haka. Na ga yadda fuskarka ta faɗi, wallahi na gani. Daga nan ka koma wanka a shago da ruwan bokiti, kana canza riga kafin ka shigo, kana rakuɓewa a bakin ƙofa kamar baƙo. Amma ƙamshin katako na shekara ashirin sabulu ba ya fitar da shi. Yana cikin gashinka, yana cikin tafin hannunka. Da ka ga haka sai ka kwashe bargonka ka koma kwana a kan teburin aiki.

Kai ka ɗauka ƙyamarka nake yi? Ni? Ka manta yarinyar da ta kawo maka kujerar mahaifiyarta mai karyayyar ƙafa, ka yi sati uku kana gyaran ƙafa ɗaya, kullum wai ƙusa ta ƙare? Maƙaryaci! Na ga ƙusoshin cike da gwangwani, kuma na ci gaba da zuwa. Nakan tsaya a bakin shagon in lumshe ido in shaƙi ƙamshin sabon katako, in koma gida da shi a mayafina, in ƙi wankewa.

Saurara ka ji abin da nas ɗin nan mai tabarau ta fahimtar da ni. Sau takwas aka yi mini ƙarin ruwan jan maganin nan, sau takwas kana baro zarto ka zo da garin katako a kafaɗarka. Warin asibiti ya ishe ni, sai in cusa hancina cikin rigarka in ɓuya, maganin yana bin jijiyata, can kuma hanjina ya juya. Ta ce jiki ba ya tambayar wane ne mai laifi, duk abubuwa biyun da suka saba zuwa tare sai ya ƙulle su wuri ɗaya. Kamar kajinmu ne da ke rugowa da sun ji ƙarar kwano tun ba su ga tsaba ba. Cikina ya ji ƙamshinka sau takwas, azaba ta biyo baya sau takwas, shi ke nan ya haddace. Da ba ka zo ba ko sau ɗaya, da yanzu ina kwance a ƙirjinka lafiya lau. Wayyo Allah, wannan wace irin sakayya ce!

Ta kuma ce abin da jiki ya koya yana iya kwancewa, amma fa sai ƙamshin ya yi ta zuwa, ya yi ta zuwa, babu maganin a bayansa, har cikin ya gaji da jira ya haƙura. Ka ji? Nisan nan da kake yi don ka sauwaƙe mini, shi ne yake ƙara ɗaure ƙullin. Idan ka tafi shekara guda, wa zai koya wa jikina cewa kai ba ciwo ba ne? Tauraron asubata, na tsira daga ciwon daji don in rasa ka a kan ƙamshi? Wallahi ban yarda ba. Ina jin tsoro, tsoron da ban ji ba ko ranar da gashina ya zube a tafin hannuna.

Kwana tara ke nan na sa ƙanwarka ta ɗebo mini garin katako daga ƙarƙashin teburinka, na ƙulle a hankici. Ranar farko ko kwance shi ban gama ba na yi amai. Rana ta huɗu na ƙirga goma kafin aman ya zo. Yau ga shi a shimfiɗe a cinyata, da shi na rubuta wasiƙar nan tun daga gaisuwa, sau ɗaya kawai na tashi yin amai.

Don girman Allah kada ka tafi. Ka zo gida yau da yamma, kada ka yi wanka, kada ka canza riga. In aman ya zo, ka riƙe mini roba kamar yadda ka saba, ka jira in kurkure baki, sannan ka ƙara matsowa.

Taka ce ni, da lafiya da ciwo, har ranar da numfashi zai ƙare,
Matarka.