Duwatsu Bakwai a Cikin Kwalba

Gidan Mama, kusa da Kachia,
9 ga Fabrairu, 1975.

Zuwa ga masoyina Meshak,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya kos ɗin reluwe, yaya zaman Zariya? Ina fatan ana ba ku abinci kuna ƙoshi. Mama, mahaifiyarka, tana nan lafiya, ƙanwarka Edna ma tana leƙo mu ranar Asabar idan ta tashi daga koyarwa.

Wurin ɗinkin ya warke, sai ƙaiƙayi. Cikin ne bai yarda ba tukuna. Ka tuna abin da Sista ta gaya mana ranar da aka sallame ni daga asibiti: tunda an cire matsarmama, ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo ba shi da wurin taruwa, don haka in ci kaɗan-kaɗan sau biyar a rana, ban da mai, ban da kitse, har jiki ya saba. Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, amma a gidan nan ba ta da aiki.

Mama tana ji da ni kamar ƙwai. Ta hana ni zuwa rafi, ta hana ni daka. Jiya ta kawo mini naman alade, wurin kitsen zalla, da miyar riɗi manja yana yawo a kai, ta zauna tana kallona har na cinye. Kafin in wanke hannu cikina ya murɗa. Sau huɗu na ruga bayan gida ta gefen gonar citta. Da na dawo ina zufa, sai na tarar tana murmushi.

Ka san Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma a yarenku har yanzu rarrafe nake. Da kai na dogara. Ranar da ka kawo ni kun daɗe kuna magana a ɗaki, ta fito tana guɗa ta rungume ni, na ce Allah sarki, murna take na tashi daga teburin likita. Ka gaya mata maganar man kuwa, ko ka manta?

Na gama ƙananan littattafan soyayyar nan uku da ka saya mini wurin Azubuike a bakin tashar Kafanchan. A cikin ɗaya matar ta kwanta ciwo, mijin ya rasa jirgi, ya taho gida da ƙafa. Ban ce ka yi haka ba, amma fuskarka na sa masa.

Taka har abada,
Bernice.

2 ga Maris, 1975.

Maigida,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Ni dai ba ni da ita. Siket ɗina na zuwa sujada sai na kama shi da fil.

Jiya Edna ta zo da hular jariri da ta saƙa da jan ulu, ta ɗora mini a cinya, ta tambaye ni wata nawa ya rage. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. A bakinta na ji abin da ka faɗa a ɗakin nan: wai ina da ciki wata biyu, shi ya sa nake ƙin mai, shi ya sa ka kawo ni gida. Ba ka ambaci asibiti ba, ba ka ambaci wuƙa ba. Ashe kitsen da nake haɗiya ina hawaye, ɗanka ake ciyarwa.

Na san abin da ka ji tsoro. A ƙauyenku ana cewa macen da likita ya tsaga wa ciki ta gama haihuwa, ga mu kuma shekara uku shiru. Amma kana tsaye likita ya ce mahaifata lafiya lau, kai ne ka sa hannu a takarda. Da ka faɗi haka da yarenku, da Mama ta ji. Sai ka zaɓi ka bar ni da tsohuwar da ke ƙaunata tana cutar da ni ba ta sani ba.

Ta riga ta gaya wa Zumuntar Mata. Ta ware akuya za ta kai baikon godiya ranar Ista, ni zan riƙe igiyar mu shiga majami'a da rawa. Ban ce wa Edna komai ba, na rufa maka asiri. Ka rubuto wa Mama da hannunka, Edna ta karanta mata, kafin ranar.

A littattafaina mugun mutum yana da alama tun shafin farko. Na sake duba dukan wasiƙunka na kafin aure, ban ga alama ba.

Matarka,
Bernice.

1 ga Afrilu, 1975.

Meshak,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce in daure, in riƙe igiyar akuya, bayan Ista sai mu ce cikin ya zube. Wato in yi ƙarya a gaban bagade, sannan in zauna mata su zo yi mini gaisuwar ɗan da ba a taɓa halitta ba, Mama kuma ta yi kukan jika. Layi goma sha ɗaya ka rubuta, babu inda ka tambayi cikina.

Ranar Jumma'a Mai Kyau na kira Edna ta zama bakina. Na kwance zane na nuna wa Mama tabon. Na ɗauko kwalbar nan da Sista ta ba ni, wadda ka ce in jefar, na zazzage mata duwatsu bakwai ɗin da likita ya ciro daga matsarmamata a tafin hannu, na ce ga abin da ke cikina. Ta daɗe tana juya su da yatsa. Ta bi tabon da hannu daga sama har ƙasa. Sai ta tambayi Edna ko ka sani. Da aka ce kai ka kai ni asibitin, ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta ci abinci ba ran nan.

Da safe ta kawo mini gwaten acca a ƙaramar ƙwarya, babu ɗigon mai. Da hantsi dafaffiyar doya, da rana ayaba da ruwan citta. Ta sa Edna ta karanta mata takardar Sista sau biyu. Kwana huɗu ke nan ban ruga bayan gonar citta ba.

Akuyar an kai ta. Mama ce ta riƙe igiyar da kanta, ta tsaya gaban jama'a ta ce godiya take yi an tsaga surukarta ta tashi da rai. Wasu mata sun kalli juna, na gani. Na san abin da za a riƙa faɗa a rafi, zan ɗauka. Sunanka bai fito daga bakinta ba tun ranar, ni ma ban roƙe ta ba.

Littattafan na ba Edna. Hular tana cikin akwatina, don likita bai yi ƙarya ba da ya ce mahaifata lafiya lau.

Idan ka ji abu mai tauri a ambulan nan, kada ka jefar. Na zaɓo maka mafi girma cikin bakwai ɗin. Shi ne ɗan da ka yi wa Mama albishir. Ka raɗa masa suna.

Bernice.