Ya Sa wa Firinta Sunan Mahaifiyata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Maigidana ya rasu wata biyu ke nan. Ban gane da gaske ya tafi ba sai ranar da wayarsa ta yi ƙara, sakatariyar ofishinsu ta sha'afa, tana cewa ya zo firinta ta cinye takarda. Na juya zan miƙa masa wayar, sai kujerarsa kawai na gani.

Shi bai yi makarantar kwamfuta ba. Masinja ne da farko, yana goge tebura yana leƙen mai gyara idan an kira shi. Wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar ya kawo gida, ya warware ta a tsakar ɗakina sau huɗu, kuma duk haɗawa sai ƙusa ɗaya ta yi saura. A haka ya ƙware. Shekara ashirin da biyu, ko manaja ba ya zare waya sai ya tambaye shi.

Komai yana cikin wani littafi da ya bari, amma bai kira na'ura ko ɗaya da sunanta ba. Sunayen dangi ya raba musu. Wadda ba ta tashi sai da lallashi ita ce Kawu. Ta ofishin akawu, mai shan wuta ba aiki, ƙaninsa ce. Firintar nan kuwa, Allah ya gafarta masa, mahaifiyata ce. Ya rubuta a buɗe wa Inna murfi, a bar ta ta gama faɗanta, kada a tanka.

Ranar nan da muka gama kuka ni da sakatariya, na tambaye ta halin firintar, na gane Inna ce, na karanta mata. Ta kuwa yi aiki. Tun daga nan kullum sai sun kira, su faɗi halin na'ura, ni in gane ɗan'uwan. Har Injiniya suke ce mini, ni da ban san inda ake kunna kwamfuta ba.

Yanzu sun ɗauki sabon ma'aikaci, manaja ya aiko in ba da littafin. Anti, ƙanin nan na maigidana shi ne direban ofishin, magana za ta fita. Kuma akwai babbar na'urar ɗakin baya da marigayin ya sa wa sunana, ya rubuta kada a kashe ta ko da wasa, in ta tsaya komai ya tsaya. Ba na son idon kowa a kan layin nan. In na bayar, wayar ma za ta daina ƙara. In na hana, na tsayar wa mutane aiki. Shafi shida na ƙarshe har yau na kasa buɗe su.

Matar mai kwamfuta

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan maigidanki. Wasiƙarki ta sa ni dariya, ta kuma sa na nemi hankici.

Manaja bai yi laifi ba, abin da ke cikin littafin na aikinsu ne, kuma ba za ki dawwama kina gyaran ofis da halin dangi ba. Amma rubutun hannunsa naki ne. Kada littafin ya bar ɗakinki. Ki gayyato sabon ma'aikacin da sakatariya, ki riƙe littafin a cinyarki kina karantawa, shi yana rubutawa da sunan kowace na'ura na gaskiya. Ƙanin miji ya zama kwamfutar akawu, shi ke nan asiri ya rufu. Inna kuwa kada ta ji ko a mafarki.

Maganar waya, ki faɗa wa sakatariya gaskiya, cewa kiran nata yana ɗebe miki kewa. Wadda ta yi kuka tare da ke za ta kira ko firinta lafiyarta ƙalau.

Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya. Kafin su zo, ki sami 'yar'uwa ta zauna kusa da ke, ki buɗe shafukan nan shida. Wataƙila lambobin sirrin ofis ne, wataƙila kuma ba na ofis ba ne. Wannan karatun babu mai yi miki shi.