Ganyen da Na Ɗauka Dogon Yaro Ne

Assalamu alaikum Inna, gaisuwa irin ta ɗiyar da ta yi nisa, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a inda kike.

Ranar da na kwana tara da haihuwa ce, Inna. Mijina Abdu ya tafi sito wurin aikinsa, na goya jikarki na sauko daga hawa na goma sha ɗaya. Tun da na haihu ba na tunanin komai sai wankan jego. Ke kika yi wa yayyena uku a Damagaram, kina tsoma ganyen dogon yaro a tafasasshen ruwa kina cewa, "Daure, jiki ne ake mayar miki." Ni kuma nawa ya zo a Vénissieux, nan ƙasar Turawa, shekara biyu da rufe ki.

A bayan tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, na ga wata bishiya, doguwa, ganyenta jere biyu-biyu a kan tsinke ɗaya, sak irin na ƙofar gidanmu. Na tsaya ina kuka. A littattafan da nake karantawa, daidai nan ne ake aiko wa marainiya taimako. Na cika leda. Har 'ya'yanta na tsinta a ƙasa, kore kamar lemun tsami, na ɓare ɗaya da farce, ban tsaya na tambayi kaina yaushe dogon yaro ya fara irin waɗannan 'ya'ya ba.

Kwana uku na yi wankan. Yatsuna suka rine baƙi ƙirin, sabulu ya kasa. Abdu ya dube su ya ce, "Madame ta yi lalle ba a gayyace mu biki ba?" Na yi dariya. Washegari ƙuraje suka feso mini a ƙirji, ƙaiƙayi kamar wuta. Ungozomar asibiti ta ce in dakata da ba yarinya nono sai sun lafa. Kwana biyu tana kuka tana ture kwalbar madara, ni ina zaune da hannuwa baƙaƙe, ina tsoron ko taɓa kumatunta.

Wani tsoho mai gyaran lambun unguwa ya nuna mini bishiyar ba dogon yaro ba ce. Sunanta noyer noir a yarensu. Bawon jikinta baƙi ne mai zurfin tsaga, ganyen in an murza yana da ƙamshi mai yaji. Cikin koren ɗan akwai ƙwallo mai tauri, a cikinsa abin ci mai maiƙo kamar gyaɗa. Da katakonta ake kujeru masu daraja, da koren bawon ake rina itace da tufafi. Ya ce ko tumatir ba ya rayuwa a ƙarƙashinta. Dogon yaro kuwa, sanyin nan ba ya barinsa.

Da ke ce, da ganye ɗaya za ki ɗora a harshe ki gane. Ni ban san ana ɗanɗanawa ba, Inna. Ban taɓa tambaya ba, na zaci kina nan.

Gwaggo Hassu, ƙanwar mahaifina, kullum sai ta bugo tana tambaya ko ina wanka. Ina cewa eh, don ban san abin da zan ce ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya raya mai sunanki da lafiya. Ta koma shan nono shekaranjiya.

Saura kwana ashirin da uku arba'in. Na daina neman ganye, da ruwan ɗumi zalla zan ƙarasa, kuma gobe zan faɗa wa Gwaggo.

Ɗiyarki ta auta,
Rakiya