Uwar Murzuna

Zuwa ga mahaifina Malam Hamza, a Safo.

Gaisuwa da ban girma daga Faransa. Ina Inna, ina ƙanwata Jummai? Ni lafiya lau, sai idanu da ke yi mini ruwa saboda aikin madubin duba ƙananan ƙwari. Kada Inna ta ji.

Jummai ta ce tsutsar nan murzuna ta cinye hatsin bana, dami tara kuka ɗaure inda ake ɗaure sittin. Ta ce kuna faɗa wa mutane ɗiyarku ta tafi nemo magani.

Baba, ba magani nake koyo ba, aikina rarrabe danginta ne. Ƴar faɗa-wutar nan da ke kewaya fitila in hatsi ya fara fid da kai, ita ce uwar murzuna. A nan an soke su da allura cikin akwatuna, ni kuwa ina wuni ina duba ɗigon fukafukansu.

Abin da na sani shi ne murzuna ba ta tafi ba. Tana kwance cikin ƙasar gonarmu, tana jiran ruwan baɗi kamar yadda kuke jiransa.

Allah ya ba ku abin kai wa baka. Ku yafe mini, sunanta kaɗai zan kawo gida.

Ɗiyarku, Nafisa.