Takalmin Dogo

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan matanki. Yaya gwiwar nan? Allah ya sa kin rage tsayuwar wuni a shago.

Na rubuto ne saboda kin daina ɗaga wayata, kuma na san dalili. Dogo ya gaya miki ni na sa shi cire takalmin da kika sayo masa, a gaban mutane. Bai yi ƙarya ba. Amma ki ji sauran, in ya so ki ci gaba da fushin.

Kin fi kowa sanin ƙafar ɗanki, tun yana firamare kike zagaye kasuwa a kanta. Da ya gama horo aka turo shi barikinmu, takalmin da sito ya ba shi ya yi masa kaɗan, kuma babu wanda ya fi shi girma a siton. Da naki ya iso, ni ma na ji daɗi, don na ga ya koma taka ƙasa kamar mutum. Na lura baƙinsa bai kai na gwamnati ba, ga kuma zif a gefe, amma na kau da kai. Tsohon kwamandanmu ba ya kallon ƙasa. Mu duka haka muke rayuwa a nan. Rigar ruwan da aka ba ni, ruwan ma riga ni shiga cikinta yake yi, ta kasuwa nake sawa. Safa, fitila, jakar baya, kowa da aljihunsa ya saya.

Sai aka kawo sabon kwamanda. A faretinsa na farko ya bi layi kai a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Da ya gama ya kira Samanja, Samanja ya tara mu masu igiya uku, ya ce daga yau ba mai sa abin da bai fito daga sito ba, kowane saje ya tsince mutanensa nan take. Dogo a ƙarƙashina yake, Yaya. Da na tsallake shi, kafin la'asar duk bariki an ce Saje ya rufa wa ɗan yayarsa asiri, kuma shi za a yi ta yi wa gori. Na tsaya a gabansa na ce, "Soja, cire." Ya cire. Ya ƙarasa faretin da safa a kan tsakuwa. Ni kuwa idona na kan ƙafar laftanar ɗinmu, wanda ko makaho ya shafa takalminsa ya san ba na sito ba ne. Ba wanda ya ce masa cire.

Naki yana kulle a sito, wai sai ranar da ya bar barikin nan. Na yi ta zarya wajen mai sito har ya fara ɓuya in ya hango ni. Ya ce shi ba ya zaɓen lamba, buhu ake sauke masa, abin da ya zo shi ne ya zo. Na ce to yatsun zai yanke? Ya ce wannan kuma ba ofishinsa ba ne.

Ban haƙura ba tukuna. Ki gaida mutanen gida, ki kuma ɗaga waya ko don ki zage ni.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kun wayi gari lafiya. Na ji daɗi da kika aiko amsa, ko da yake rabinta faɗa ne. Kin ce me amfanin igiyoyin da ke hannuna. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Kada ki tayar da hankalinki da abin da zan faɗa. Dogo yana asibitin bariki, yana ci, yana magana, ƙafar ce kawai.

Ga yadda aka yi. An sa atisaye na tafiyar ƙafa a daji da kaya a baya, kuma daga nan za a zaɓi masu zuwa kwas ɗin kofur. Kin san yadda ya ɗora ransa a kan kwas ɗin nan. Kafin mu fita na je wajen likita in nemo masa izinin sa nasa takalmin. Likita ya duba ƙafar ya ce lafiyarta ƙalau, shi ba ya ba da izini sai ya ga rauni. Na ce ai raunin ne ba mu so. Ya ce ya gane, amma haka doka ta ce. Na fito ina jin kamar in cire hulata in taka.

Haka ya tura ƙafar cikin na siton muka tafi. Tun ranar farko na ga yana taka gefen ƙafa. Na ja shi bayan motar asibiti na ce ya bari in sa shi cikin marasa lafiya. Ya ce, "Kawu, in na hau motar nan, sunana ya fita." Na ƙyale shi, don gaskiya ya faɗa.

Da azaba ta ishe shi, ya sa reza ya tsaga kan takalmin don babban yatsa ya sami wuri. Sai muka shiga fadama. Laka da ruwa suka shige, ya ci gaba da tafiya a haka bai gaya wa kowa ba. Ranar da muka dawo bariki takalmin ya ƙi fita, sai da aka yanka shi da almakashi. Ba zan kwatanta miki abin da na gani ba. Farcen ya tafi, yatsan ya kumbura ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Likitan nan dai shi ya karɓe shi, ya kuma yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce an zo a kan lokaci, ba za a yanke ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yana kwance da ƙarin ruwa a hannu aka zo aka sanar da shi ana tuhumarsa da ɓata kayan gwamnati, saboda tsagar rezar nan. Ya dube ni, na dubi silin.

Kada ki taso. Hanya ba kyau, kuma ba za su bar ki kwana wurinsa ba. Matata na kai masa abinci safe da yamma. Ki dai yi masa addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida, da fatan jikin ƙaramarku ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

An sallami Dogo. Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi da safe kafin jiki ya sake. Amma 'yan kwas sun tafi ba shi, sai wata shekara in da rabo. Ranar da motarsu ta fita bai leƙo ba, bai kuma taɓa abinci ba.

An shigar da shi gaban kwamanda kan maganar reza. Na nemi izinin magana aka ba ni. Na ce ranka ya daɗe, sojan nan ya gama atisaye da ruɓaɓɓen yatsa bai faɗi a layi ba, kuma sito ba shi da lambarsa har gobe. Kwamanda ya saurara, ya ce ya yaba da juriyarsa, ya yafe tuhumar. Zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ƙara da cewa doka tana nan yadda take, don in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, gobe kowa zai zo fareti da abin da ya ga dama. Ni kuma ya ce in riƙa tuna cewa a cikin kaki ba ni da ɗan yaya. Na sara masa na fito.

Izinin likita na sa silifa ya kusa ƙarewa, sito kuma ya sake ba shi wani takalmin daidai da wanda aka yanka. Na zauna na yi tunani, na ga in na biye wa ofis-ofis, yatsa na biyu zai bi na farko. Na sa shi ya taka kwali na zana ƙafar da biro, na kai wa wani mai ɗinkin takalma a cikin gari tare da na siton. Na ce ya yi mini irinsa sak, baƙi, da igiya, ba zif, amma a kan wannan awon. Ni da na shekara ashirin ina hukunta masu karya doka, ga ni na shigo bariki da takalmi a cikin buhun gawayi.

Ranar fareti Dogo ya shiga layi da shi a ƙafa. Samanja ya zo kan Dogo ya tsaya, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya fito da shi gaban layi, ya ce kowa ya duba da kyau, haka takalmin gwamnati yake zama in ya sami mai kula da shi, masu cewa kayan sito ba su da kyau ragwaye ne. Ni ina tsaye ƙiƙam, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Bayan an watse na nufi ofis, sai na ji ana kirana ƙasa-ƙasa. Samanja ne. Ya waiga hagu da dama, sannan ya ce, "Saje, a ina aka ɗinka? Nawa ya daɗe yana cin diddigena."

Na kwatanta masa shagon, Yaya. Me zan yi?

Ki kira ɗanki ki lallashe shi, don ya fara zancen ajiye aiki, ni kuma bakina ya yi nauyin hana shi. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Auta