Wanzamin Jabo Na Son Ɗauko Makaɗi

Malam Ladan, don Allah ka taimake ni kafin murna ta sa in yi ɓarna. Kwana fuɗu ke nan ina dariya ni kaɗai, har na kusa aske wa wani dattijo gira.

Ni wanzami ne a Jabo. Tun kafin mulkin kai wani tabo ya fito mini a baya, ko tsinke aka soka ba na ji. Duk ranar kasuwa malamin asibiti kan tsaya yana bayanin kuturta, ni kuwa in kwashe asakena in koma bayan rumfar mahauta, don duk wanda ya tsaya saurare sai an leƙa yatsunsa. Wa zai miƙa kansa ga wanzami kuturu? Matata Zahara'u ce ta jiyo cewa akwai magani, ta matsa mini. Shekara uku ina zuwa asibitin Tambuwal karɓar ƙwayar magani, ina ce wa mutane goggona nika gaidowa, alhali ta daɗe da rasuwa. Ran Litinin aka duba ni, aka ba ni takardar sallama. Na warke, Malam, yatsuna goma cif!

Yanzu so nika yi in ɗauko makaɗi mu zaga kasuwa da takardar. Zahara'u ta ɓoye ta, wai zan kori masu aski da bakina. Ga kuma ƙanena Maccido a Kebbe, na ga irin tabon a kafaɗarsa, shi ma da ya hango malamin asibiti sai ya sake hanya.

Wanzami Mai Murna, Jabo

Barka da arziki, ɗan'uwa. Ajiye askar sai hannunka ya natsu.

Zahara'u tana da gaskiya: mutane za su ji sunan cutar kafin su ji ka warke. Kai ma da taka, don ɓoyon nan ne ya sa ka yi jinkiri, shi ne kuma ke riƙe da Maccido.

Bar makaɗi tukuna. Lallashi matarka ta fito da takardar, ka tafi Kebbe wannan makon. Ku keɓe ku biyu, ka tuɓe riga ka nuna masa bayanka, sannan ka raka shi Tambuwal da ƙafarka. Ranar kasuwa kuma ka tsaya a sahun gaba wajen malamin, ba sai ka ce komai ba. Idan aka ga wanzamin gari a tsaye, masu jin kunya za su matso.

A gaishe da Zahara'u, ta yi namijin ƙoƙari. Allah ya ƙara lafiya, ya ba Maccido irin taka takardar.

Malam Ladan